Binne a Korin Utul

Abin da ya fara ba ni haushi a Tamanrasset duwatsu ne. Ni ɗan jigawa ne, ƙasar yashi shimfiɗaɗɗiya, daga wani ƙauye a kudancin Damagaram, inda in ka tsaya bayan gari za ka hangi mai jaki tafe, ka shiga gida ka sha fura ka fito bai iso ba. Nan kuwa duk inda ka juya dutse ya tare maka ido, baƙi ƙirin, ba ciyawa ba itace, wani ya yi tsini, wani kamar an sare masa kai. Na diro daga bayan mota da sanyin safiya, ƙafafuna sun sandare, leɓena ya tsattsage, na duba gabas ban ga ta inda rana za ta fito ba. Na ce a raina, to Hamisu, ga inda yawonka ya kawo ka.

Abu biyu ya kawo ni. Na farko ci-rani, don kabu-kabun da nake yi a Zinder ya mutu tun ranar da mai babur ya karɓe abinsa. Na biyu aiken Inna. Ba ta yi min doguwar magana ba, cewa kawai ta yi, "Auta, ka je ka dawo min da Lawali." Lawali shi ne babban wanmu. Ya bar matarsa da 'ya'yansa a hannun Inna da cewa zai dawo kafin shuka, ga damina ta uku ta wuce ba shi ba labarinsa, wayarsa ma ta daina shiga.

Kuma ba shi kaɗai ya tafi ba, ya tafi da irin gidanmu. Wani gero ne gargasa, mai gashi a zangarniya, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Kakanmu ne ya zo da shi daga inda ya zo, mu dai irin Kaka muke ce masa, kuma duk ƙauyen an san furarsa. Shekarar da fari ya kama mu rumbu ya ƙare tun kafin bazara, mutane suka daka irinsu suka sha. Namu ma an daka, sai abin da Yaya Lawali ya ɗura a butalin roba na lemo ya toshe da tsumma. Ya ce in ya bar shi a gida, akwai ranar da yara za su yi kukan da Inna ba za ta iya daurewa ba, ta juye shi a turmi. Sai ya sa shi a jaka ya yi arewa da shi. Ni a lokacin dariya na yi. Ban taɓa son noma ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙato ya ratsa hamada rungume da butalin hatsi ba.

A unguwar Tahaggart na fara sauka, a wani ɗaki na 'yan ƙasarmu, wanda in kowa ya kwanta sai an yi shawara kafin a juya. Da safe mu fita bakin titi mu tsuguna, hannu cikin hammata, muna jiran aiki. Mota ta tsaya, Balarabe ya sauke gilashi ya ce, "Kamarad!" Nan kowa sunansa Kamarad, ba Hamisu ba Isufu. Mu ruga gaba ɗaya, ya nuna wanda ya fi faɗin ƙirji da yatsa, sauran mu koma mu tsuguna.

Daga baya na samu wani shantiye, ginin bene, aikina hawa da bulo. A Zinder ina ganin kaina ƙaƙƙarfa ne, nan kuwa hawa ɗaya sai numfashi ya tsaya min a wuya. Suka ce garin ne a sama yake, iskarsa ba ta cika ƙirji. Sanyinsa kuma ba irin namu ba ne da ke gudu in hantsi ya yi. Wannan daga dutse yake fitowa, ya shiga ƙashi ya zauna. Siminti ya ci min tafin hannu har ba na iya dunƙule shi. Patron ɗinmu, wato mai aikin, mutum ne mai fara'a, kullum ka tambaye shi haƙƙinka sai ya dafa maka kafaɗa ya ce "gudwa", wato gobe. Kalmar Larabcin da na fara iyawa ke nan, kuma na sha wuyar koyonta. Ranar da aka gama zuba rufi muka zo muka tarar da ƙofa da kwaɗo. Ba mu da takarda, ba mu da wanda za mu kai wa kuka. Muka tsaya muka kalli ginin, ya yi kyau kuwa, muka juya.

Ban san ina son garinmu ba sai a watannin nan. In faɗi gaskiya, ba mutane na fara kewa ba, fura na fara kewa. Nan burodi ne da safe, burodi da rana, in an yi arziki makaroni. Kuma garin ba shi da wari. A gida ko da rani akwai warin turke, warin daddawa, hayaƙin kara. Nan sai busasshiyar iska, ka shaƙa hancinka ya yi jini. Ba kogi, ba tafki, ba ko kududdufin da kwaɗo zai yi kuka. Ka hau saman benen ka duba, dutse ne bayan dutse har ƙarshen gani, ta ko'ina, ka rasa ta wace kafa ka shigo balle ta wadda za ka fita. Akwai yammacin da nakan zauna a can sama in ji ƙirjina ya cushe, ba don wani ya yi min komai ba.

Duk wanda na tambaya Lawali ɗan wajen Magarya sai ya girgiza kai, don masu sunan a garin nan sun fi a ƙirga. Sai wani mai shago da nake sayen burodi wajensa, Alhaji Mutari, mutumin Tasawa. Wata safiya ya ga ina rawar ɗari, ya jawo tsohuwar rigar sanyi daga ƙarƙashin tebur ya jefo min, ya ce wani ne ya ba shi ajiya bai dawo ba. Ban tambayi inda mai ita ya tafi ba. Na zauna na ba shi labarin wana, da na zo kan maganar hatsin sai ya ajiye wuƙar da yake yanka sabulu.

"Kai, Mai Butali kake nema? Ai da ka faɗa tun farko! Yana Utul, garkar wani tsohon Buzu. Ka shiga taksin da ke bin hanyar arewa, ka ce a sauke ka wajen garake."

Ya sa hannu a aljihu ya biya min taksin, ya ƙara min da burodi.

Utul ɗan ƙauye ne a bakin wani kori. Kori hanyar ruwa ce da ta bushe, mai faɗi ƙwarai, yashi fari mai taushi, ya fito daga tsakanin duwatsun arewa ya yi kudu. Lambuna na jere a gaɓarsa, mu garka muke cewa, kowace da rijiya da inji, ga tumatir, ga albasa, ga 'yan itatuwan ɓaure. Idona ya daɗe bai ga kore ba, har sai da ya kawo ƙwalla.

Na sami Yaya Lawali duƙe yana jan tiyo cikin albasa. Da ya miƙe na ga gemunsa ya yi fari, kuma ƙafar hagu ba ta taka ƙasa daidai. Ya daɗe yana dubana.

"Auta? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya. Inna ce ta aiko ni in tafi da kai."

Ya zauna a bakin rijiya. Ya tambayi kowa da sunansa, har jar akuyar da muka sayar tuntuni. Sannan ya ba ni nasa labarin a gajarce. Shekarar farko ya faɗo daga saman gini, ƙafa ta karye, abin da ya tara ya tafi a jinya. Mai garkar nan ne ya gan shi yana ja da sanda a kasuwa ya ɗauko shi. Na ce to wayar fa, me ya hana ko gaisuwa?

"Na gaji da ce wa Inna gobe," ya ce.

Na ce ya tashi mu tafi. Ya ce da me? Ya yi gaskiya, don ni da na zo ɗaukar mutum ko na motar kaina ba ni da shi. Dole mu zauna mu yi aikin garka har a kwashe tumatir, ke nan damina za ta sauka a gida muna nan. Ya shiga bukkarsa ya fito da butalin, an sa shi cikin tsohuwar safa, da kuma wani gwangwanin sardin cike da yashi. Ya ce ya zuba iri ɗan tsunkule a ciki ya ba shi ruwa don gwaji. 'Yan tsiraru ne suka leƙo.

"Bara da na gwada kusan duka suka fito. Bana dubi. Iri tsufa yake kamar mutum, Auta. In bai shiga ƙasa bana ba, baɗi tsakuwa ce a butali. Nan zan shuka shi. In na girbe mu tafi, na yi maka alkawari. In shiga gari da dami a kai, ko ɗaya ne."

"A kan dutse za ka shuka?"

Ya nuna korin da haɓa. "Dubi yashin can. Tun da na zo ƙasar nan ban ga abin da ya yi kama da gonarmu ba sai shi. Na tona har gwiwar hannu, akwai laima a ƙasa. In an sami yayyafi biyu ya isa."

Mai garkar ana ce masa Amgar, wato dattijo a yarensu. Dogo ne, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Yana jin Hausa irin ta mutanen da, don yana saurayi ya bi ayarin raƙuma suna kai gishiri Damargu su sayo hatsi. Da ya ji ina mitar fura, washegari ya zo da ƙwarya, an dama gero da dabino da cuku, ya ajiye gabana ya kau da kai don in sha ba kunya. Ba furar Inna ba ce, amma na shanye har na lashe ludayin. Da Yaya ya zuba masa irin a tafin hannu kuwa, shinshinawa ya yi, ya ce ya san wannan, ya ci tuwonsa tun kafin a haife mu. Ya ce a ɗauki kusurwar garka kusa da rijiya, a shuka a dinga ba shi ruwa.

Yaya ya yi godiya, ya ƙi.

"Baba, gero ba albasa ba ne. In ya saba ana ba shi ruwa a baki safe da yamma ya lalace. In na kai shi gida, rana ɗaya ya ji ƙishi sai ya kwanta. Irin Kaka ruwan sama ya sani."

"Ɗana, nan ruwa ta ƙasa yake zuwa," in ji Amgar. "A yi shi can cikin duwatsu inda ba ka gani, kai kana nan rana na dukanka, sai dai ka ji shi a bayanka. Mu ba ma kwana a kori, ba ma ɗaure raƙumi a kori."

"Na ji, Baba. Ai in hadari ya taso zan gani."

"Ba za ka gani ba."

Yaya ya yi murmushin ladabi. Da muka keɓe ya ce min, "Tsohon kirki ne, amma makiyayi ne. Ni tun ina goye nake kallon gabas. Ruwa bai taɓa zuwa bai yi sallama ba. Iska za ta juya, ƙasa ta yi wari, tururuwa ta kwashe ƙwanta." Ni ma maganarsa ta fi shiga kaina. Tun da ya zo Utul korin nan bai taɓa kawo ko cikin cokali ba.

Lokacin da ake binne a gida muka yi namu. Binne shi ne ka shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta ya jira. Yaya ya sami guntun ƙarfe ya ɗaura wa doguwar sanda ya yi sungumi. Shi yana gaba yana sara yana ɗingishi, ni ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige, kamar muna yara a bayan babanmu. Tsakiyar korin ya zaɓa, inda yashi ya fi taushi, kusa da wani itacen ƙandili. Da rana ta take ya tafi alwala, ya bar min ragowar irin ya ce in ƙarasa. Ni kuwa na ga ba dalilin da zai sa in gasu. Na ja sungumi na koma gindin wani ƙaton dutse a gaɓa, inda akwai inuwa, na sassara ramuka yadda hannu ya kai, na juye abin da ya rage. Da ya dawo ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wannan shuka ce ko sawun kaza?"

"Yaya, hatsi bai san layi ba."

"Kai dai babur ya lalata ka."

Ya yi dariya har da tari. Tun zuwana ban ji dariyarsa ba sai ranar.

Daga nan sai jira. Sama kullum wankakkiya tas. Safe da la'asar Yaya ya fita gaɓa ya sa hannu a goshi ya dubi gabas. Wani lokaci gajimare ya leƙo bayan dutse kamar zai yi abin kirki, kafin ka kira wani ya gani ya watse. Na lallashe shi muka kira gida da wayata. Na ɗauka Inna za ta yi faɗa, sai kawai na ji ta ce, "Lawali, kana cin abinci?" Ya ba ni wayar ya zagaya bayan bukka. Bayan an yi ruwan shuka a ƙauye maƙwabcinmu ya aiko da saƙon murya, ba magana a ciki, ƙarar ruwa ce kawai a kan rufin kwano da ihun yara. Yaya ya sa na yi ta kunna masa har wayar ta mutu. Duk lokacin hutunsa kuma ya koma jan ƙaya zuwa tsakiyar kori, yana shinge saboda awaki, don ranar da hatsin zai tsiro.

Ranar da abin ya faru ba ta zo da wata alama ba. Bayan azahar ne, sama ba ko ɗigon gajimare. Yaya na tsakiyar kori yana gyaran shinge, ni ina garka ina tsinkar tumatir, Amgar na gindin ɓaure yana dafa shayi. Sai na ga ya ajiye butar ya karkata kai. Awakin da ke yawo cikin korin suka ɗago, suka yi gaɓa da gudu ba wanda ya kore su. Sannan na ji shi, can ƙasa-ƙasa, kamar manyan motoci sun jero daga arewa.

Ban taɓa ganin tsohon nan ya yi sauri ba sai ranar. Ya haye katangar garka, ya janye rawani daga bakinsa, abin da Buzu ba ya yi a gaban mutane, ya ƙwala kira.

"Lawali! Kori ya taso! Fito! Fito!"

Ni ma na haye ina ihu. Ya ji mu, na tabbata ya ji, don ya miƙe ya juyo. Sai ya sa hannu a goshi ya dubi gabas. Ya duba sama sosai, daga wannan dutse zuwa wancan, yadda babanmu ya koya mana. Bai ga komai ba. Ya ɗaga mana hannu, irin na ku kwantar da hankalinku. Wannan 'yar tsayuwar ita ce duk lokacin da yake da shi.

Ruwan ya karyo kwanar dutse. Ja ne, mai kauri, ya turo itatuwa da duwatsu a gabansa suna birgima, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. A lokacin ne Yaya ya waiga arewa. Ya yar da ƙayar ya fara gudu, gurguwar ƙafar na nutsewa cikin yashin nan mai taushi da ya zaɓa. Na diro zan shiga, Amgar ya cafke ni ta wuyan riga ya kayar, ya danne ni da gwiwa. Daga ƙasa na ga Yaya ya fasa gaɓa ya nufi ƙandilin, ya kama reshe. Na ga farar hularsa. Sai itacen ya kwanta gaba ɗaya. Rana na nan tana dukanmu, ko ɗigo bai taɓa ni ba.

Washegari korin ya koma laka. Makiyaya suka same shi can ƙasa, wajen hanyar Silet, ya maƙale a saiwar wani itace. Jandarma suka zo suka duba, suka ba mu shi. Alhaji Mutari ya rufe shago ya zo da likkafani da 'yan ƙasarmu cikin mota. A gida mutum biyu da fartanya sun gama kabari kafin a gama wanka. Nan dagi muka yi ta bugawa yana tartsatsi, muna karɓa-karɓa, har hannuna ya fashe. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin yashi, a tsakuwa muka kwantar da shi, muka jera duwatsu a kansa. Ban taɓa ƙin duwatsun nan kamar ranar ba, kuma da hannuna na ɗauko su.

Na kira gida. Na shirya magana, da na ji muryarta duk ta zube. Na ce, "Inna, ruwa ya ci Yaya."

Ta ce, "A hamadar?"

Na ce mata kori ne ya taso. Ta yi ta innalillahi, daga baya ta ce, "To kai ka taho. Na aiki ɗaya ya ɗauko ɗaya, kada in rasa biyu."

Amgar da Alhaji suka haɗa min na mota. Ina ɗaure kaya Amgar ya zo ya kama hannuna ya ja ni bakin kori. An share tsakiyarsa tas, ba shinge, ba ƙandili, ba alamar an taɓa sara a wurin. Amma gindin ƙaton dutsen nan, inda ruwan ya yi kwana ya lafa ya ajiye laka, ga tsiro nan sirara, kore shar, a karkace yadda na watsa su. Na durƙusa a cikin lakar. Kukan da ya ƙi zuwa a maƙabarta nan ya zo.

Na sake kiran Inna na ce ba yanzu zan taho ba. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ce hatsin da ya ci mata ɗa ba ta son ko jin sunansa. Na saba saɓa wa Inna a kan shirme, wannan karon dai na san dalilina.

Ni da na gudu Zinder don kada in riƙe hauya, na zama mai gadin hatsi. Na yi shinge, na kori awaki har suka san muryata. Sama ba ta ƙara ko yayyafi ba. Da ganye ya fara naɗewa na tsaya a kansa ina jin muryar Yaya, gero ba albasa ba ne. Na daure na bar shi, washegari na ga ya ƙara yaushi, sai na ɗauki bido, jarkar ruwa, na nufi rijiya. Ina zubawa ina cewa, "Yaya, ka yi haƙuri. In ya lalace, ya lalace da ransa." Amgar na kallona, kuma tun daga ranar ba ya kashe inji sai ya ga na cika bidona.

A cikin gari aka yi kame, aka kwashe da yawa daga 'yan ɗakinmu na Tahaggart aka kai su iyaka. Na daina zuwa ko bakin titi, don in aka ɗauke ni kafin la'asar awaki sun gama da komai. Garkar ta yi min shiru. Ina kwana a bukkar Yaya, ina alwala da butarsa, sungumin na jingine inda ya bar shi. Sai sanyi ya fara saukowa daga duwatsu tun hatsi bai ƙosa ba. Wasu suka bushe a tsaye. Wasu suka daure suka fid da kai, gajeru, ba su wuce tsawon tafin hannuna ba, amma da gashinsu. Wata safiya tsuntsaye suka zo suka yi ta kewaya su, suka rasa wurin sauka, suka tafi. Na yi dariya ni kaɗai, na juya in nuna wa wani, ba kowa.

Dami dai bai samu ba. Abin da na yanka, Amgar ya yage gefen rawaninsa na ƙunshe shi duka a ciki. Na zaro zangarniya ɗaya na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce baɗi zai shuka ta a kusurwar garka, kusa da rijiya. Daga ni har shi ba wanda ya dubi wani. Na biya ta maƙabarta na tsaya kan duwatsun, na yi wa Yaya addu'a, na ce masa mun girbe, za mu gida.

Na sami Inna zaune a tsakar gida. Ba ta tashi ba. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a cinyarta, ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Sannan ta kwance, ta shafa gashin da yatsa, ta murza kaɗan a tafin hannu ta hure, ta sa ƙwaya ɗaya a baki.

"Shi ne," ta ce. Ta mayar ta ƙulle ta miƙo min. "Ka rataye shi can sama, Auta, inda hannuna ba ya kaiwa."

Da bazara na yi binne a gonarmu, ni kaɗai, in sara layi in komo in rufe, kuma na miƙe layin iyakar iyawata. Ranar da hadarin farko ya haɗo gari duka ya fito, yara na tsalle, manya sun sa hannu a goshi suna duban gabas. Ni ma na fito na tsaya a cikinsu. Sai da Inna ta taɓa min kafaɗa ta ce, "Auta, ta nan yake zuwa," sannan na lura arewa na juya, idona a ƙasa, ina kasa kunne.